Inuwar Aro

A Yazd, lungun su Farangis
bai fi faɗin jaki da kayansa ba.
Katanga na ara wa katanga inuwa.
Ko da azahar, rana leƙe take,
ta sa ƙafa ɗaya ta janye.

Ɗanta Bahram ya kai ta sabuwar unguwa.
Kwalta na huci,
gidaje sun ja da baya kamar masu gaba.
Wurin jiran bas
inuwar sandar fitila kawai ta samu,
siririya, ta raɓa a karkace.

Da dare ta dafa bango,
zazzaɓinsa bai sauka ba.
Ta ce, "Ɗana, wa ya raba gidajen nan?
Kowane yana shan ranarsa shi kaɗai."