Allon Bakin Ƙofa

Ran ashirin da tara ga wata
nakan jiƙa tsumma in goge allo,
in juya wa duwatsun Kassala baya,
in fara da abin da ya shigo.

Barira mai jabana, fam dubu biyu.
Ta ce a rubuta da manyan baƙi,
ita ba ta karatu, amma jikanta na yi.
Ƙungiyar masu lambun albasa, dubu arba'in.
'Yan'uwanmu na Jidda, su goma sha ɗaya,
na jera sunayensu duka.
Sai gidauniyar ƙetare,
wadda kuɗinta ya fi na kowa kauri,
takardunta kuma sun fi kuɗin.

Ɗayyabu edita ya faɗa tun farko:
tukunya ba ta zama kan dutse ɗaya.
Kada hannu guda ya wuce sulusi,
don ran da ya janye miyar ba za ta kife ba.
Bara gidauniyar ta yi shiru wata biyar,
muka rage shafi, muka sha shayi lami,
jaridar dai ta fita.

Sai abin da muka kashe.
Takarda, tawada, man janareta,
kuɗin mota zuwa sansanin 'yan gudun hijira,
gyaran kyamarar da ruwan Gash ya taɓa
ran da Nafi'u ya tsallaka bai jira ba.
Fam kuwa ƙanƙara ce a tafin hannu,
kafin in kai ƙasan allo
lissafin sama ya narke.

A watan Rajab wani ya zo da farar mota.
Ya zauna, ya yaba mana, ya ajiye jaka.
Abin da ke ciki zai riƙe mu shekara.
Sharaɗi ɗaya, ya ce, ɗan ƙarami:
kar a sa sunana, sadaka ce, Allah ya sani.
Na san rumbunan riɗinsa.
Na san kuma labarin da Sa'adiya ke bi
kan ma'aunin da ke cin manoma.
Na nuna masa allon da haɓa.
Na ce, Alhaji, kuɗin da ba zai hau nan ba
ba zai kwana a akwatina ba.
Ya ɗauki jakarsa, bai yi gaggawa ba.
Daren nan na juya har asuba,
albashin mutum huɗu na kaina.

Akwai abin da alli bai taɓa gani ba.
Yaron da ke ɗora buhu kan ma'aunin,
wanda ya ƙirga, ya zo ya faɗa mana,
sunansa ba ya littafi, ba ya waya,
yana cikin Sa'adiya, nan zai tsufa.
In an tare ta a shinge aka duba,
hotunan suna za a gani, da farashin tumatir.
Takan kira ni da la'asar.
In magariba ta wuce shiru,
na san ƙofar lauyan da zan buga,
na san wanda zai je ya zauna da uwarta.

Watan jiya aka sami giɓi.
Dubu bakwai. Na ƙirga sau uku,
na zazzage aljihun tebur, babu.
Hannuna na rawa na rubuta:
giɓi, dubu bakwai,
a hannun Ummulhairi ma'aji,
za a cire a albashinta.
Masu wucewa suka tsaya, wasu suka kalle ni.
Barira ta sa jikanta ya karanta sau biyu,
ta aiko min jabana mai citta, ba ta ce komai ba.

Bayan mako Nafi'u ya shigo yana sosa ƙeya,
rasiɗin batir ne, ya sha wanki a jallabiya.
Na rubuta wannan ma.

Yau hadari ya taso daga gabas,
allon kuma ba shi da rumfa.
Na sa kuɗin rumfar a lissafin wata mai zuwa.