Tsagar Baƙon Dutse

Wardugu ya kawo shi Njamena cikin buhun kanwa,
naɗe da tsohon rawani,
kwana shida daga Faya a bayan babbar mota.
Ya ɗora shi kan teburina, ya ja da baya:
"Ga baƙo. Ki tambaye shi ɗan gidan wane ne."

Bai kai kan ɗan akuya ba,
amma da na ɗaga sai da wuyan hannuna ya amsa.
Baƙi wuluk, baƙin gindin tukunya,
ga loɓa nan da can
kamar curin fura da aka danna da babban yatsa.
Sikeli ya ce kilo ɗaya da giram ɗari uku da sha biyu.
Na rataya maganaɗisu a zare, na matso da shi.
Ya yi jim, ya karkata, ya manne,
gaisuwar waɗanda suka san juna ba yau ba.

Shaida ɗaya ba ta yanke shari'a.
Yawancin abin da ake kawo mana
kashin maƙera ne, ko aman tsaunin Tibesti,
mu wanke hannu, mu ba mai kaya haƙuri.

Sai zarto.
Wardugu ya kau da kai
kamar uba ranar da wanzami ya zo.

Ciki toka-toka ne,
ƙarfe na walƙiya ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa.
Ashta ta yini tana gugar ɓalli guda
har ya koma ɓawon albasa, haske na ratsa shi.
Na sunkuya kan madubi.
Ga su nan, tsagar gadonsa:
ƙwayoyi zagayayyu kamar gero,
wasu sun fashe,
wasu bakinsu ya narke cikin na maƙwabci,
ba ka cewa ga inda wannan ya ƙare.
Littafi ya ce sun girmi ƙasar da muke takawa,
sun daskare tun rana ba ta yi wayo ba.

Kakata kan ce in tauraro ya tsinke
shaiɗan aka jefa.
Ban ga shaiɗan a madubin ba.
Tsatsa na gani, ja-ja, tana bin jijiyoyinsa,
ladan zaman da ya yi cikin rairayi.

Na ɗauki fensir, ba biro ba,
don sai giram ashirin sun ƙetare teku sun dawo da amsa:
ƙarfe kaɗan,
zafi ya kai shi mataki na biyar,
tsatsa mataki na biyu,
jinsi: gama-gari.
In goma suka faɗo, takwas danginsa ne.

"Wato talaka ne?"
Na ce talaka ne.
Ya yi dariya har da riƙe gefen tebur.
"Ashe can ma akwai mu."

Saura gurbi ɗaya a takarda: wurin tsintuwa.
Lambobi suke so, na tsaye da na kwance.
Ya ce, "Yini biyu arewa da rijiyar da ta koma zartsi,
inda taguwata ta durƙusa ta ƙi tashi."
Gurbin ɗan ƙarami ne.
Na juya takardar, na rubuta a baya.

Ya naɗe sauran a rawaninsa, ya tafi neman mota.
Garin zarto ya shige ƙarƙashin farcena.
Na yi alwalar la'asar, na yi ta magariba,
yana nan.