Ruwan Ƙanƙara Ke Cin Ƙanƙara

Shekara goma sha tara ina sayar da ƙanƙara
a bakin Kasuwar Dole, gefen masu facin taya.
Ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi faɗi da na sani shi ne na Gidimuni,
shi ma daga bayan motar rake na hange shi.

Jiya Tsahara ta dawo daga lakwal
da alli a gefen gyalenta,
ta aje jaka bisa buhun dusar katako, ta ce:
Baba, yau sana'arka Mushe Arzika ya koyar.
Wai can a ƙoƙon kan duniya
teku na sanye da farar riga ta ƙanƙara,
raƙumi zai tsufa bai kai gefenta ba.
Rana ta aiko zafi, rigar ta ce ba ta saye,
ta mayar mata da hajarta sama.
To, yanzu rigar ta soma yagewa.
Duk inda ta yage, baƙin ruwa ke leƙowa,
shi kuwa ba ya mayar da kyauta:
abin da rana ta miƙo sai ya haɗiye,
ya yi ɗumi, ya lashi bakin rigar,
yagar ta ƙara faɗi, ya ƙara sha.

Ban tanka ba.
Ina sassaƙar ta dala goma
ga wata mai kunun tsamiya da ke ta sauri.

Karatun nan ba baƙo ba ne a rumfata.
Ranar da marigayi Ƙanta ya damƙa mini adda
ya ja kunnena: kada ka bar dunƙule ya kwana cikin ruwansa.
Rana maƙiyiya ce, amma daga nesa take jifa.
Mai ci ta ƙarƙashi, shiru, ba sallama,
shi ne ruwan da ya fita daga jikinta.
Da hantsi ɗigo ne, kana iya ƙirgawa.
Kafin azahar ya zama tafki a daro,
kafin la'asar kana laluben jarinka da hannu
kamar mai neman sabulu a bokiti.

Na kuma san abin da baƙi ke yi da rana.
Na taka gudron ba takalmi a watan Afirilu.
Na taɓa jingina da dutsen Birni bayan isha'i
na tashi da sauri:
rana ta daɗe da faɗuwa, amma tana nan a ciki,
kwance, tana numfashi a bayana.
Idan dutse ɗaya zai riƙe wuni guda haka,
shekara nawa teku za ta riƙe?

Na ce, to, a karkata daron mana, a tsiyaye.
Ta yi dariya har gyalen ya zame.
Baba, a tsiyaye ina?
Daron ke nan gaba ɗaya, muna cikinsa.

Kuran ya ɗauke tun kafin magariba.
Firigo uku suka yi shiru a ɗaki,
ina jin ɗigo a cikin duhu, tal, tal,
ban san ko nawa ba ne, ko na can.

Da asuba na ari tsani wurin Ɗan Jimo,
na kwaɓa farar ƙasa a tsohon bokiti,
na hau kwanon rumfata ina shafawa.
Taku shida ne tsawonsa, huɗu faɗinsa.
Masu facin taya suna ta ba'a:
Gonda, amarya za ka kawo?

Tsahara ta tsaya a ƙasa riƙe da tsanin,
ta ɗaga kai, ta kare ido da tafin hannu.
Ba ta ce zai isa ba.
Ta ce, Baba, ka bar wani wuri can ta kusurwa,
har yanzu baƙi ne.