Akwati Mai Lamba Sittin da Huɗu

Shekara ashirin da uku na yi a gidan waya na Katsina,
hannuna kan riga kalanda sanin Ista ta matso:
jakar Legas ta ƙara nauyi,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwon gidan biki,
katuna na zubowa kan tebur,
furanni farare, ciyawa shar,
a garin da tsuntsu ke buɗe baki don ƙishi.

Na Rifkatu nakan ware gefe.
Mabuɗin akwatinta ya ɓace tun zamanin kwabo mai huji.
Daga Babbar Ruga take zuwa,
kallabi sharkaf da gumi,
ta ce, "Malam Gambo, idona ya tsufa, ara mini naka,"
ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Sai in karanta: "Almasihu ya tashi, Inna.
Ina lafiya. Ishaya."
Ni da alwalata, ita da gicciyenta a wuya,
ta amsa wa takarda: "Ya tashi hakika."
Sannan ta juya hoton, ta ƙura masa ido:
"Wannan zomo da kwandon ƙwai,
a wace ƙasa zomo ke saka?
Ko zabuwa ya yi wa sata?"
Mu yi dariya har mai sayar da kan sarki ya leƙo.

Wata shekara jaka ta zo babu Ishaya.
Sau uku na zazzage ta.
Ran Laraba na bi ta wani kanti a Ƙofar Ƙaura,
na sayi kati mai zomo,
na liƙa kan sarki da yawuna,
na buga hatimi da kaina.

Ta saurara har ƙarshe,
ta bi rubutun da ɗan yatsa.
"Ishaya bahago ne, Malam.
Layinsa gangarowa yake kamar akuya daga tudu.
Wannan kuwa a miƙe, sai ka ce sahun salla."
Na rasa inda zan ajiye idona.
Ta naɗe katin a gefen zane.
"Ya tashi hakika," ta ce, a hankali,
ba ta tambayi zomo komai ba.

Ran Talata yaro ya kawo ƙwarya a rufe:
mangwaro bakwai,
da ƙwan zabi guda, dafaffe,
an tsoma shi a lalle.