Kaset Daga Kwatano

A aljihun tsohuwar mota
da Kawu Ɗan Jimma ya koro daga Kwatano
muka tsinci baƙin kaset,
rubutun bayansa kamar sawun kaji a rairayi.

Daren nan rabin Bagalam ya taru a tsakar gidanmu.
Zane ne, aikin mutanen Japan:
yarinya mai gyaran fitilu, da gurgun kare,
tana keta duwatsu neman ƙanenta.

Ko kalma ba mu ji.
Iya Tabawa ce tafinta,
ita da ba ta taɓa taka lakwal ba:
"Cewa take ƙafarta ta gaji."
Kuma haka ɗin ne.

Ni ruwan sama ya kama ni.
Wani ya zauna da alƙalami
ya zana ɗigo ɗai-ɗai,
har da wanda ya rataye a bakin ganye yana shawara.
Mugun ma an bar shi ya ci shinkafarsa shi kaɗai,
har na tausaya masa, na ji haushin kaina.

Mun mayar da shi baya ya fi sau talatin.
Na'ura ta tauna zaren daidai bakin kogi,
Mamman Sani ya liƙe da jan farce.
Tun ranar ba mu ƙara ganin tsallakawarta ba:
tana wannan gaɓa, ƙiftawa, tana waccan.

Bana da Gulbi ya kawo
na tsaya a baki da ɗiyata, magajiyar kaset ɗin.
Ta ce, "Baba, yaya ta haye?"
Na ce, "Na manta.
Iya ce ta riƙe mana wurin,
ta kuwa tafi da shi."