Usur a Aljihu

Naira ɗari ake shiga rumfar Gwadabe,
amma ni ba ya karɓa a hannuna.
Ba don furfura ba. Na san dalili, shi ma ya sani.
Benci na uku, jikin langa-langar da ta huje,
nan nake zama,
inda hayaƙin janareta ba ya iske ni.

Daren nan gasar nahiya ce, namu da koren riga.
Saura minti uku yaron ya tashi sama,
ya sa kai, raga ta girgiza,
rumfa ta tsage da ihu.
Ilu mai shayi ya kifar da butarsa,
Kallamu ya rungume wanda ke bin sa bashi,
har awakin Mati a bayan danga suka amsa.

Sai alƙali ya dafe kunne.
Ya tsaya kamar mai jin kiran salla daga wani gari,
ya zana akwati a iska da yatsu biyu,
ya ruga gefen fili.
Murna ta maƙale mana a wuya, lomar tuwo ba miya.

Aka jawo lokaci baya kamar guga daga rijiya.
Aka sake, aka kuma.
Aka ja layi ja, aka ja shuɗi.
Ashe ba mutum ne ya yi satar gida ba,
babban yatsansa ne,
da tazarar da ƙwayar gero uku za su cike.

An soke.

Kallamu ya ce zalunci ne tsagwaronsa.
Malam Sabi'u na firamare ya ce na'ura ba ta da ƙabila.
Ilu ya ce, "Ita ba ta da shi,
amma mai jan layin fa, uwa ce ta haife shi."
Sai duk suka waiwayo:
"Baba Rafali, kai me ka gani?"

Me na gani?
Na ga filin makarantar Harbo, shekara ashirin da biyu baya,
bayan an cire gyaɗa,
ranar da 'yan Aujara suka zo mana a akori-kura.
Layinmu toka, turakunmu darbejiya,
igiyar rama a sama, ita ce raga.
Wani siririn yaronmu, ba takalmi,
ya zare daga tsakiya kamar zomo ya ji kare,
ya zuba ta a kusurwa.
Rana a idona, gumi a idona,
da tsoron kada baƙi su ce na yi son kai.
Na busa.
Na ce satar gida.

A gefe akwai mutumin Dutse da littafinsa,
ya zo ɗibar yara masu ƙafa.
Na ga lokacin da ya mayar da biro aljihu.
Yaron bai yi musu ba. Ya dube ni kawai,
ya kakkaɓe ƙura daga gwiwarsa.

Ba wanda ya ɗauki ranar nan a faifai.
Ni kaɗai ke da ita,
ina maimaita ta a kan tabarma in gari ya yi shiru,
kuma layin ba ya zama wuri ɗaya:
wani dare yaron na ciki,
wani dare yana waje.

Kafin in ba su amsa janareta ya yi tari, ya mutu.
Duhu ya raba gardama.
Na ji muryar Gwadabe daga baya:
"Baba, zo ka riƙe min tocila."

Na je. Ya durƙusa yana hura fulogi.
Hannuna na rawa, hasken ya zame,
ya sauka kan babban yatsansa
da ya leƙo ta bakin silifa.
Na daɗe ina duba shi.
Tsohon usur na aljihuna, ya yi tsatsa, ya yi nauyi.

Ya ce, "Baba, ɗaga sama kaɗan.
Nan ba abin gani."