Kwalbar Magani

Kango uku muka saya a gabashin Detroit,
kuɗinsu bai kai na tsohuwar mota ba.
Rufi ya rufta, ɓera ya yi sarauta,
tattabaru sun mai da bene masai.
Odessa ta tsaya a ƙofa, ta dogara sandarta,
ita da ta shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci,
ta ce, "Ɗanjuma, kai magini ne, me ka gani?"
Na ce, "Aiki."
Ta ce, "Ni yara na gani."

Ƙasar ma ba ta yarda da mu ba.
Aka auna, aka ce dalma ce a cikinta,
gadon masana'antun da suka kwashe nasu ya nasu suka yi gaba.
Ni da na tashi da hauya a Malumfashi,
ban taɓa jin an sayi ƙasar noma a buhu ba.
Muka saya.
Muka zuba a akwatunan katako
a hankali, kamar masu yi wa jariri shimfiɗa.

Sai ga yaran, ɗaya bayan ɗaya,
kowa da kayansa a baƙar ledar shara,
da takarda mai hatimi da ta fi shi nauyi.

Tavion, ɗan bakwai, yana ɓoye burodi a safa.
Ban hana shi ba.
Wanda ya kwana da yunwa a bayan mota
ba a yi masa wa'azin ƙoshi.
Makullin akurki na rataya masa a wuya:
kaji goma sha tara, ka ƙirga mana ƙwai.

Marisol kuwa ba ta cewa uffan.
Kwalbar magani take riƙewa, fanko,
sunan uwarta a jiki, rabinsa ya goge.
Da ita take kwana, da ita take wanka.

Muka kafa amya biyu bayan gareji.
Manyan yara suka koyi ɗaurin keke,
Asabar su kai zuma da ƙwai kasuwa,
su dawo suna musu a kan canji.
Guntun gatarinka, na ce musu,
sai na rasa yadda zan ƙarasa da harshensu.
Suka yi dariya, suka sa wa zakara suna Gatari.

Janairu ya zo da dusar ƙanƙara har gwiwa.
Dare ɗaya rumfar ledar ta durƙusa,
alayyahu ya yi baƙi ƙirin, amya ɗaya ta yi shiru.
A makon ne attajirin da ya ɗauki hoto da mu
ya aiko da wasiƙa mai daɗin baki, babu ko sisi.
Odessa ta karanta sau biyu,
ta hura murhu da ita.
Muka tattaru ɗaki ɗaya, mu goma sha huɗu,
wake da safe, wake da dare.

Da ƙanƙara ta narke na tsaya kan akwatunan,
hannu a aljihu, aljihu babu kuɗin iri.
Sai na ji an ja rigata.
Marisol ce. Ta buɗe kwalbar, ta zazzage a tafina:
'ya'yan kuɓewa, busassu, sun fi ɗari.
Ashe tun kaka take tsinta.
Ta ce, "Zurfin nawa?"
Muryarta ke nan da na fara ji.
Na nuna mata gaɓar yatsa ɗaya.

Jiya na ga safar Tavion ta kumbura a hannunsa.
Ba burodi ba ne.
Ɗan tsako ne da sanyi ya kama, yana hura masa numfashi.

Ba mu gama biyan kuɗin wuta ba.
Ɗakin tsakiya yana yoyo har yau.
Odessa ta ɗaga sanda ta nuna rufin,
ta ce, "Magini, kuɓewa ba ta tare ruwa.
Ɗauko tsani."